Darasin Lafiya: Tsilar Alade da Ciwon Baya Mai Shanye Ƙafafu

Kowane manomi ya san ciwon baya. Wanda ya yini a duƙe yana huɗa, da matar da ta ɗauko itace da ruwa tun da sassafe, ba su mamaki idan kwankwaso ya riƙe da yamma. Irin wannan ciwo yakan tafi bayan hutun kwana biyu ko uku. Amma akwai wani ciwon baya dabam wanda hutu ba ya kawar da shi. Yakan fara a hankali, ya yi ta ƙaruwa wata da watanni, sa'an nan ƙafafu su fara nauyi, takalmi ya riƙa fita daga ƙafa mutum bai sani ba, daga baya fitsari ya ƙi fita ko kuwa ya riƙa zuba da kansa. A ƙauyukanmu sau da yawa akan ce an yi wa mutumin sammu, ko ya taka wani abu a hanyar gona. Akan yi ta zargin maƙwabci ko ɗan'uwa, lokaci kuwa yana wucewa.

A wannan darasi za mu yi nazari a kan ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo irin wannan ciwo, watau 'ya'yan tsilar alade idan sun shiga cikin ƙashin baya. Ba kullum ne hakan yake faruwa ba. Mun zaɓe shi domin dalili uku: yana da magani idan an zo da wuri, yawancinmu muna kiwon aladu, kuma hanyar hana shi tana hannun ƙungiyoyinmu. Muna roƙo a karanta darasin a taron ƙungiya, maza da mata tare, a kuma amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

YADDA TSILAR ALADE TAKE RAYUWA

Tsila tsutsa ce mai faɗi kamar ɗan siririn ƙyalle, wadda take zama a cikin ƙaramin hanjin mutum. Akwai ta shanu, akwai ta alade. Wadda muke magana a kanta ita ce ta alade, likitoci suna kiranta Taenia solium. Tsawonta yakan kai mita 2 zuwa 4, wani lokaci ma fiye. Tana da ɗan kai kamar kan allura, mai ƙugiyoyi da take maƙale wa hanji da su. Jikinta gaɓa-gaɓa ne. Idan gaɓar ƙarshe ta nuna, sai ta tsinke ta fita tare da bayan gida. Gaɓa ɗaya tak tana iya ɗauke da ƙwai har 50,000, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ƙwan nan yana iya zama da rai a ƙasa mai laima har watanni.

Idan mai tsila ya yi bayan gida a daji ko a bayan shinge, aladen da aka saki yana yawo zai ci. Ƙwan zai ƙyanƙyashe a cikinsa, 'ya'yan su huda hanji su bi jini su zauna a cikin tsoka. A cikin wata biyu zuwa uku kowannensu ya zama 'yar jakar ruwa fara, girman ƙwayar shinkafa ko ta wake, da ɗan ɗigon fari a ciki. Wannan ɗigo shi ne kan sabuwar tsila. Mahauta sun san naman da ke da su, gama ana ganinsu a harshe, da kumatu, da zuciya, da kafaɗa, da cinya.

Wanda ya ci irin wannan nama bai dahu sosai ba, jakar za ta buɗe a hanjinsa, kan ya maƙale, bayan wata biyu ko uku ta zama babbar tsila tana zubar da ƙwai. Haka abin yake zagayawa, daga mutum zuwa alade, daga alade zuwa mutum. Mai tsila a ciki sau da yawa ba ya jin komai, sai dai ɗan ciwon ciki. Yana iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba.

ABIN DA YAWANCIN MUTANE BA SU GANE BA

A nan muke so kowa ya kasa kunne sosai. Cin naman alade da bai dahu ba yana ba mutum babbar tsila a hanji. Amma jakunkunan da suke shiga ƙwaƙwalwa da ƙashin baya suna zuwa ne ta wata hanya: mutum ya haɗiye ƙwan tsila da ya fito daga bayan gidan mutum. Idan haka ta faru, jikin mutumin ya ɗauki matsayin alade ke nan. Ƙwan zai ƙyanƙyashe, 'ya'yan su bi jini su zauna a tsoka, a ƙarƙashin fata, a ido, a ƙwaƙwalwa, ko a baya. Sunan wannan ciwo a asibiti sistisakosis.

Ƙaƙa ƙwan yake kaiwa bakin mutum? Ta hannun da ba a wanke ba bayan an zaga. Ta abincin da mai tsila ya dafa ko ya raba. Ta ruwan rijiya ko rafi da ruwan sama ya kwaso ƙazanta ya zuba a ciki. Ta latas da tumatir da yalo da aka yi wa taki da bayan gidan mutane, aka ci ɗanye. Mai tsila da kansa yana iya ba kansa ƙwan, 'yan gidansa kuwa su ne suka fi kowa zama cikin hatsari.

Saboda haka wanda bai taɓa sa naman alade a baki ba yana iya kamuwa. A 1992 likitoci a Amurka suka ba da labarin mutum huɗu daga gidajen Yahudawa masu kiyaye dokar abinci a birnin Niyok, waɗanda aka samu da jakar tsilar alade a ƙwaƙwalwa. Bincike ya nuna cewa a gidajen akwai masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen da tsilar take da yawa. Mu ma muna zaune da maƙwabta da ba su cin alade, muna shan rijiya ɗaya, muna cin kasuwa ɗaya. Tsilar da ke cikin mutum ɗaya a gidanmu tana iya kai ciwo gidansu.

Ciwon yana jinkirin fitowa. A 1961 aka buga binciken mutum 450, yawancinsu sojojin Ingila da suka yi aiki a Indiya. An ga cewa alamun sukan fito ne bayan wajen shekara 5, wasu ma bayan shekaru masu yawa fiye da haka. Shi ya sa mai ciwo ba ya iya tuna inda ya samo shi.

YADDA TAKE SHIGA BAYA

Ƙashin baya jeri ne na ƙananan ƙasusuwa da aka ɗora wani bisa wani, da rami a tsakiya tun daga wuya har kwankwaso. A cikin ramin nan laka take, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba. Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya ga lakar. Ta cikinta ne saƙo yake bi daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara da dubura, ta cikinta kuma jin zafi da sanyi da taɓawa yake komawa sama. Laka tana kwance a cikin wani ruwa garai wanda yake haɗe da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa.

Ramin matsattse ne. Jakar tsutsa mai girman wake a cikin cinya ba ta hana mutum komai, amma a cikin wannan rami tana danne laka kamar yadda dutse yake danne tiyon ban ruwa. Wuri biyu take zama. Mafi yawa tana cikin ruwan da ke kewaye da laka, sau da yawa ta gangaro ne daga gindin ƙwaƙwalwa. A can tana iya girma ta yi rassa kamar nonon inabi. Wani lokaci kuma jini yakan kai ta cikin lakar kanta, galibi a daidai tsakiyar baya, bayan ƙirji.

Ban da dannewa, akwai kumburi. Muddin tsutsar tana da rai takan ɓoye wa jiki. Sa'ad da ta fara mutuwa sai jiki ya tasar mata da faɗa, wurin ya kumbura, daga baya ya bar tabo wanda yake ɗaure jijiyoyi. Kumburin nan sau da yawa ya fi jakar kanta ɓarna. A riƙe wannan, gama za mu koma gare shi a wajen magani.

A cikin mutum 100 da tsutsar ta shiga ƙwaƙwalwarsu ko lakarsu, kamar 1 zuwa 5 ne kaɗai take kama wa baya. Sauran a kai take, inda takan kawo farfaɗiya da ciwon kai mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da tsilar alade take da yawa, wajen kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce sanadi. A 2010 Hukumar ta sa ciwon a cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. A ƙasarmu binciken malaman dabbobi ya sami jakunkunan a aladun Jos da Zuru da wasu wurare, aladu kuwa suna tafiya nesa ta manyan kasuwanni irin ta Katsit kusa da Kafanchan.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

1. Ciwon baya ko na wuya da ya wuce makonni bai sauka ba, wanda ba ya barin mutum ko yana kwance da dare.
2. Ciwon da yake harbawa zuwa ƙafa ko hannu, ko yake zagaye ƙirji ko ciki kamar an ɗaura ɗamara.
3. Ƙafafu su yi nauyi ko su sandare, mutum ya riƙa tuntuɓe, hawan tudu ko tashi daga tsugune ya gagara.
4. Sagewar ƙafafu, ko jin kamar tururuwa tana tafiya a jiki, ko mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai ji ba.
5. Fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba, bayan gida ya ƙi zuwa ko ya kufce. Ga namiji, ƙarfin mazakuta ya ragu.
6. Tare da waɗannan, wani yana da ƙananan ƙullutai a ƙarƙashin fata marasa zafi, ko farfaɗiyar da ta fara bayan ya girma, ko ciwon kai da amai.

Alamu uku ba su jiran gobe: fitsari ya tsaya, tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu, ko ƙarfin ƙafa ya riƙa raguwa cikin 'yan kwanaki. A nemi mota a ranar. Lakar da aka danne ta 'yan makonni tana iya farfaɗowa. Wadda ta yi watanni da yawa a danne sau da yawa ba ta komawa daidai ko an cire jakar.

Muna gargaɗi a kan tsaga da ƙaho da sakiya a bayan mai irin wannan ciwo, da kuma kai shi wurin maɗori a ja bayan. Ciwon yana can cikin ramin ƙashi inda aska ba ta kaiwa. Fatar da ba ta ji kuwa idan aka yi mata rauni takan zama gyambo mai wuyar warkewa.

CUTUTTUKAN DA SUKA YI KAMA DA SHI

Kada wanda ya karanta wannan darasi ya ga mai shanyewar ƙafafu ya ce lalle tsila ce. A ƙasarmu tarin fuka na ƙashin baya ya fi ta yawa nesa ba kusa ba. Shi yakan ci ƙashin, ya kawo rama da zazzaɓin yamma da gumin dare, wani lokaci ƙusumbi ya fito. Tsargiya ma tana iya kai ƙwanta cikin laka, musamman ga masu wanka da su da noman rani a bakin dam. Akwai ciwon daji, da ƙurji mai mugunya, da zamewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya.

Akwai kuma wata tsila dabam, ta kare. Kare yana samunta idan ya ci huhu ko hantar tunkiya ko saniya ko raƙumi mai jakar ruwa. Mutum kuwa yana haɗiye ƙwan daga kashin kare. Jakarta tana girma ƙwarai, galibi a hanta ko huhu. Idan ta shiga ƙashi, wajen rabin lokaci ƙashin baya take kamawa, ta cinye shi, kuma takan dawo bayan aiki. Saboda haka kada a jefa wa karnuka kayan ciki masu jakar ruwa, a ƙone su ko a binne da zurfi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da nasa magani. Sai an duba a asibiti kafin a san wanne ne.

ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

Likita zai yi tambayoyi, zai gwada ƙarfin ƙafafu, ya buga gwiwa da ɗan guduma, ya tsikari fata daga ƙafa zuwa sama domin ya ga inda ji ya tsaya. Ta haka yake sanin daidai wurin da aka danne lakar. A gaya masa gaskiya: ko ana kiwon aladu a gida, ko akwai salga, ko wani a gidan ya taɓa ganin gaɓoɓin tsila a bayan gidansa, ko akwai mai farfaɗiya. Kunya a nan hasara ce.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna laka ko jakar da ke da rai. Amfaninsa shi ne yana iya nuna tarin fuka ya ci ƙashi, hoton cinya kuma yana iya nuna matattun tsutsotsi da suka ƙandare kamar watsattsen shinkafa. Hoton da ya fi nuna ciwon shi ne na maganaɗisu, wanda ake kira MRI. Shi yana nuna jakar, da wurinta, da yawan kumburin. Idan aka ga ɗigon kan tsutsar a cikin jakar, an tabbatar ke nan. Likita zai so a ɗauki hoton kai ma, domin sau da yawa wanda yake da ita a baya yana da ita a ƙwaƙwalwa. Irin wannan hoto da likitocin aikin ƙwaƙwalwa da baya a manyan asibitoci ake samunsu, kamar asibitocin koyarwa na Jos da Zariya. A karɓi takardar turawa daga ƙaramin asibiti.

Akwai gwajin jini da yake nuna ko jiki ya taɓa gamuwa da tsutsar. Yana taimakawa, amma shi kaɗai bai isa ba, gama mai jaka ɗaya tak gwajin yana iya cewa babu, wanda kuma ya taɓa kamuwa tun da daɗewa gwajin yana iya cewa akwai alhali ciwonsa na yanzu wani ne dabam. Wani lokaci akan ɗebi ɗan ruwan baya da allura a auna. Akan duba cikin ido kafin a fara magani, domin kashe tsutsar da ke cikin ido yana iya makantarwa. Akan kuma auna bayan gidan mai ciwon da na 'yan gidansa, a nemo wanda yake ɗauke da babbar tsilar. Wani lokaci ba a sanin ainihin abin sai an yi aiki an ciro jakar an duba ta.

MAGANI

Magani kashi uku ne, likita ne yake haɗa su bisa ga abin da hoto ya nuna.

Na fari, maganin kwantar da kumburi, irin su deksametazon da prednisolon. Shi ake fara bayarwa kafin maganin tsutsa, domin idan tsutsar ta mutu kumburi yakan tashi, a cikin matsattsen ramin baya kuwa hakan yana iya ƙarasa shanye ƙafafun. Wannan magani yana rage ƙarfin jiki wajen faɗa da cuta, yana ta da sukari da hawan jini, shi ya sa akan bincika tarin fuka kafin a daɗe ana shansa. Ba a daina shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa.

Na biyu, maganin kashe tsutsar. Babba shi ne albendazol, miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin mutum a yini, a raba biyu, a sha da abinci. Wani lokaci akan haɗa da prazikwantel. Ga jakar da ke cikin naman ƙwaƙwalwa kwana 10 zuwa 14 ake sha. Ga wadda ke cikin ruwan da ke kewaye da laka yakan ɗauki makonni ko watanni, ana auna jini da hanta lokaci lokaci. Mace mai ciki ta gaya wa likita tun farko.

Na uku, aikin tiyata. Idan jakar ta danne laka har ƙafafu suna mutuwa, likita yakan buɗe bayan ƙashin ya ciro ta. Mutane da yawa suna tsoron aikin baya, suna cewa wanda aka yi masa ba ya ƙara tafiya. Sau da yawa abin da ya faru shi ne an kai mutumin ne bayan lakar ta riga ta lalace. Wanda aka kai da sauran motsi a ƙafarsa shi ne ya fi sa ran tashi.

Mun rubuta sunayen magungunan nan domin ku gane abin da likita yake yi. Albendazol yana nan a kowane kantin magani, mun saba ba yara ƙwaya ɗaya domin tsutsar ciki. Wannan dabam ne da shan sa da yawa kwana da kwanaki. Kada kowa ya saya wa mai ciwon baya ko mai farfaɗiya ya ce zai kashe masa tsutsa a gida. Haka kuma idan an zo rabon prazikwantel domin tsargiya, mai farfaɗiya ko mai irin alamun da muka lissafta ya gaya wa ma'aikacin lafiya kafin ya sha.

Shi kuwa mai babbar tsila a hanji maganinsa mai sauƙi ne: niklosamid giram 2 sau ɗaya ga babba, ko prazikwantel miligiram 10 ga kowane kilo sau ɗaya, a hannun ma'aikacin lafiya. Bayan ya sha, bayan gidansa na 'yan kwanaki cike yake da ƙwai, sai ya yi a salga kaɗai, ya wanke hannu da sabulu sosai.

JINYA A GIDA

Bayan an sallamo mai ciwo, aikin 'yan gida ya fara. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi kowane awa biyu, a duba mazaunai da ɗuɗɗuge da kwatangwalo kowace rana, gama can gyambon kwanciya yake fitowa. Shimfiɗa ta zama busasshiya mai laushi. A riƙa lanƙwasa masa gwiwa da idon sawu ana miƙewa safe da yamma kamar yadda masu gashi na asibiti suka nuna, domin kada gaɓoɓin su ƙage. Ya sha ruwa da yawa. Idan an sa masa robar fitsari a kiyaye tsabtarta, zazzaɓi ko fitsari mai wari kuwa a koma asibiti. Kada a sa masa ƙafa kusa da wuta lokacin hunturu, gama zai ƙone bai ji ba. Ƙarfi yakan dawo a hankali cikin watanni, kada a yi saurin fid da rai. Jakar da ke jikinsa ba ta tsallakawa zuwa wani, saboda haka babu dalilin ware masa ƙwarya ko guje masa.

AIKIN ƘUNGIYA

Wannan tsila galibi tsakanin mutum da alade take zagayawa. Idan aka raba alade da bayan gidan mutum, zagayenta ya yanke. Ga abin da muke ba da shawara kowace ƙungiya ta yi:

1. Kowane gida ya haƙa salga mai murfi da ƙofa, nesa da rijiya kamar mita 30, a gangaren da ruwa ba zai bi zuwa rijiyar ba. Yara ma su yi amfani da ita, kashin jarirai a zuba a ciki. A yi gayya a haƙa wa gwauraye da tsofaffi. A yi salga a majami'a da makaranta da kasuwa.
2. A ajiye ruwa da sabulu ko toka a bakin salga. Masu dafa abincin biki da na manyan tarurruka su wanke hannu kafin su taɓa abinci.
3. A tsare aladu a ɗaki duk shekara, har da 'yan ƙanana. Mun san dalilin da ya sa ake sakinsu da rani: abinci ne ya yi wuya. Ƙungiya ta sayi dusa da yawa lokacin kaka sa'ad da take da araha, a tara ɓawon rogo da dussar shinkafa da harawa, a raba wa 'yan ƙungiya.
4. A dafa naman alade har tsakiyarsa ya daina ja. Gashin bakin hanya sau da yawa waje ne yake ƙonewa ciki ɗanye. A yanka ƙanana kafin a gasa. Gishiri da hayaƙi da yaji ba abin dogara ba ne.
5. A yanka a inda malamin duba nama zai gani. Duba harshen alade kafin saye yana da amfani, amma aladen da ya cika da jakunkuna ne kaɗai yake tonawa. Da yawa harshensu garau, naman kuwa yana da su.
6. A buɗe asusun taimakon lafiya. Kuɗin mota da hoto da aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, neman kuɗin kuwa shi ne yake cinye makonnin da za a ceci ƙafafun.

Akwai wata magana mai nauyi da ya kamata mu faɗa wa juna. A ce ɗan ƙungiya ya yi shekara yana kiwon alade domin kuɗin makarantar yara. Ya kai kasuwa, ɗan kasuwa ya buɗe bakin aladen ya ga ƙullutai a ƙarƙashin harshe, ya ƙi saye. Abin da aka saba yi shi ne a komo da shi gida a yanka a ɓoye a sayar da araha a unguwa. Hasarar da mai aladen ya guje wa ta koma cikin maƙwabtansa, daga nan kuma ta dawo kan aladun kowa da yaran kowa. Akwai wata hanya. Maganin dabbobi mai suna oksfendazol, miligiram 30 ga kowane kilo sau ɗaya, yana kashe jakunkunan da ke cikin tsokar alade. Ba a yanka shi sai bayan kwana 21, naman kuwa yana bukatar wata uku ko fiye kafin tabon ya ɓace. Ƙungiya tana iya ba ɗan'uwan rance har lokacin, domin kada bukata ta tura shi ga sayar da cuta.

Akwai kuma allurar rigakafi ta aladu mai suna TSOL18, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Malbon ta Ostareliya. An gwada ta tare da oksfendazol a yankin Mayo-Danay na arewacin Kamaru, sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna ba a sami jaka a aladun da aka yi wa ba, alhali an samu a waɗanda ba a yi wa ba. A 2016 aka ba da izinin sayar da ita a Indiya da sunan Cysvax. A 2016 ɗin kuma aka buga labarin yankin Tumbes na ƙasar Peru, inda aka yi wa mutane da aladu magani tare, aka yi wa aladu rigakafi, har yaɗuwar tsilar ta tsaya a kusan dukan ƙauyukan. Shugabannin ƙungiya su je ofishin malamin dabbobi na yankinsu su yi magana da shi a kan waɗannan biyu, su kuma gayyace shi taro.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Mene ne bambanci tsakanin abin da cin ɗanyen naman alade yake kawowa da abin da haɗiye ƙwan tsila yake kawowa?
2. Gida nawa ne a ƙauyenmu ba su da salga? Su wa za mu fara taimaka wa kafin damina ta sauka?
3. A wane wata ne muke sakin aladu, kuma me zai ishe mu mu tsare su a wannan lokaci?
4. Waɗanne alamu uku ne ba su jiran gobe? Idan suka faru da dare, motar wa za mu nema, kuɗin kuma daga ina?
5. Idan aka ƙi sayen aladen ɗan ƙungiya saboda ƙullutai a harshe, me ƙungiyarmu za ta yi masa?
6. Akwai wani a cikinmu da yake kwance da irin wannan ciwo wanda ba a taɓa kai shi babban asibiti ba?

Sakataren ƙungiya ya rubuta amsoshin tambaya ta 2 da ta 6 da sunan wanda aka ɗora wa kowane aiki, a karanta su a farkon taro mai zuwa domin a ga abin da aka yi.